Salamanka: Mashayar Mutanen Ailan Da Akushin Masu Gari

A 'yan shekarun nan ƙafar 'ya'yanmu ta yawaita a ƙasar Sifaniya. Wasu karatu ne ya kai su, wasu neman abin kai wa bakin salati, wasu limamai ne da sistoci da Ikilisiya ta tura ƙaro ilimi, wasu kuma ziyarar wuraren tarihi na addini suka je. Duk wanda ya sauka a can, kafin ya kwana biyu abu biyu za su dame shi. Na farko, ina zai sami mai jin Turanci. Na biyu, ina zai ci abincin kirki ba tare da ya ƙarar da guzurinsa ba. Amsar da aka saba ba shi ita ce ya nemi mashayar mutanen Ailan, domin can ne ake jin Turanci. To, ga mai bi wanda ya tashi a Kagoro ko Gindiri ko Numan, kalmar mashaya kaɗai ta isa ta sa ya ja da baya. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗauki birni guda, wato Salamanka, mu duba abin da ke cikin waɗannan gidaje, da inda abinci na ƙwarai yake, da abin da ya kamata Kirista ya sani kafin ya ja kujera ya zauna.

Birnin Dutsen Zinariya

Salamanka tana yamma da Madrid, tazarar kilomita ɗari biyu da 'yan kai, a bakin kogin Tormes. Jirgin ƙasa mai sauri yakan kai mutum cikin ƙasa da awa biyu. An gina tsohon garin da wani dutse mai ruwan ɗorawa da ake haƙowa a ƙauyen Villamayor, wanda in rana ta yi yamma sai ya ɗauki launin zinariya. A tsakiyar gari akwai babban dandali mai suna Plaza Mayor, wanda aka fara gininsa a 1729 aka gama a 1755. Daga nan ake auna kowace tafiya, don haka baƙon da ya ɓata sai ya tambayi hanyar dandalin, ya sake farawa.

Abin alfaharin garin shi ne jami'arsa, wadda Sarki Alfonso na Tara ya kafa a 1218. A gaban tsohuwar ƙofarta akwai mutum-mutumin Luis de León, malami ɗan ƙungiyar Waliyyi Augustine, wanda ya yi kusan shekara biyar a kurkuku, daga 1572 zuwa 1576. Ɗaya daga cikin laifuffukan da aka ɗora masa shi ne ya juya littafin Waƙar Waƙoƙi zuwa harshen mutanen ƙasarsa. Mu da muke da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932, ya kamata mu ɗan tsaya a wurin mu gode wa Allah.

Wannan jami'a ce ta sa garin ya cika da baƙi. Kowace shekara dubban matasa daga Amurka, Ingila, Jamus da ƙasashen Asiya suna zuwa koyon harshen Sifaniyanci. Inda matasa baƙi suka taru kuwa, 'yan kasuwa ba za su rasa buɗe musu wurin zama da ake jin harshensu ba.

Sun Riga Mashaya Zuwa

Amma mutanen Ailan sun riga mashayunsu zuwa Salamanka da shekara ɗari huɗu. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, gwamnatin Ingila ta matsa wa 'yan Katolika na Ailan, har ba su da ikon horar da limamai a ƙasarsu. Samari suka riƙa tsallaka teku a ɓoye suna neman makaranta. Wani Fada mai suna Thomas White, ɗan ƙungiyar Jesuit, ya kai kukansu gaban Sarki Filibus na Biyu, shi kuwa a 1592 ya ba da umurni a kafa musu kwaleji a Salamanka da sunan Waliyyi Patrick. Ɗaliban sukan yi rantsuwa cewa in an naɗa su za su koma gida su yi hidima, ko da yake sun san kurkuku ko igiya na iya jiransu a can.

Kada mu manta, sarkin nan da ya ba 'yan gudun hijira masauki, a zamaninsa ne aka ƙone masu bin koyarwar Luther a birnin Valladolid a 1559. Kowane ɓangare na Ikilisiya ya sha tsanani a wani wuri, ya kuma tsananta wa wani a wani wurin. Tarihin nan bai bar wa kowa bakin fahariya ba.

A 1838 kwalejin ta koma wani kyakkyawan gini da ake kira Kwalejin Fonseka. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1936 ɗalibai suka watse, ba su kuma dawo ba. A farkon shekarun 1950 aka rufe ta, aka kwashe takardunta zuwa kwalejin Maynooth ta Ailan. Ginin yana hannun jami'a yanzu, amma har yau mutanen gari suna kiransa Kwalejin Mutanen Ailan. Tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa daga dandali, ta wajen yamma.

Wannan labari ya shafe mu, domin ƙasar nan da ta taɓa rasa inda za ta horar da limamanta, ita ce daga baya ta aiko mana da nata. Bishop John McCarthy na Kaduna da Bishop John Reddington na Jos mutanen Ailan ne. Daga can 'yan ƙungiyar Augustine suka zo Adamawa a 1940, sistocin St. Louis kuma suka sauka Kano a 1948. A 1961 aka ayyana Waliyyi Patrick majiɓincin Nijeriya.

Mashayar Da Aka Sawo A Kwali

Su kuwa mashayun da baƙo zai gani a lungunan da ke tsakanin dandali da jami'a, da wajen titin Gran Vía, 'yan baya-bayan nan ne. Ba su da wuyar ganewa: ƙofar katako mai baƙin fenti ko kore ko ja, sunan iyali irin na Ailan da manyan haruffa, da hoton molon nan mai tsarkiya da yawa wanda shi ne tambarin ƙasarsu. Da harshen Turanci ana ce wa irin wannan gida pub, wato gidan jama'a a taƙaice.

Yawaitarsu a duniya dabara ce ta kasuwanci. A farkon shekarun 1990 wani mai zanen gine-gine a Dublin, Mel McNally, ya kafa kamfanin Irish Pub Company, ya haɗa kai da kamfanin Guinness. Aikinsu shi ne su ƙera mashaya sukutum, da kanta da madubai da tsofaffin hotuna, su loda ta a jirgin ruwa, a je a harhaɗa ta a duk birnin da aka saya. Manufar ita ce a buɗe wa giyar Ailan sababbin kasuwanni. Saboda haka sau da yawa mai gidan ɗan Sifaniya ne, tsufan da aka gani a bango kuma na kanti ne.

Duk da haka gidajen suna da amfaninsu ga baƙo. Galibi akwai ma'aikaci mai jin Turanci wanda zai kwatanta maka hanyar tasha ko kantin magani. Akwai talabijin da ke nuna ƙwallon Ingila, akwai ɗumi a lokacin sanyi, sanyin Salamanka kuwa ya fi na Jos nesa ba kusa ba, har ruwa yakan daskare. Ɗalibai sukan haɗu a wasu daga cikinsu don musayar harshe, wannan ya koya wa wancan Turanci, wancan ya rama masa da Sifaniyanci. Amma abincinsu, inda ma ake yinsa, bai wuce soyayyen dankali da kifi da burodi mai nama a tsakiya ba, kuma yakan fi na masu gari tsada. In dare ya raba kuwa, wurin yakan juye ya zama na kiɗa da buguwar ɗalibai. Ranar 17 ga Maris, ranar tunawa da Waliyyi Patrick, abin yakan fi haka, har mutum ya yi mamakin yadda aka mai da ranar mai wa'azin bishara ta zama ranar kwalba.

Suna Ɗaya, Hanya Biyu

Sunan Guinness da ke rataye a ƙofar waɗannan gidaje ba baƙo ba ne gare mu. Arthur Guinness ya kama wurin dafa giyarsa a Dublin a 1759, kuma masana'antar farko da kamfanin ya gina a wajen Ailan da Birtaniya ita ce ta Ikeja a Legas, a 1962. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan gida ya fitar da wani reshe dabam. Jikan Arthur, wato Henry Grattan Guinness, babban mai wa'azi ne wanda ya kafa makarantar horar da 'yan mishan a London a 1873. 'Yarsa Lucy ta auri Bajamushe Karl Kumm a 1900, su biyun ne kuma suka ɗora harsashin mishan ɗin SUM, wadda ma'aikatanta na farko suka iso Wase a 1904. Daga aikin SUM ne COCIN da wasu ikilisiyoyi da dama na TEKAN suka fito. Ashe tattaɓa-kunnen mai dafa giya tana cikin waɗanda Allah ya mora har bishara ta iso duwatsun Filato da kwarin Binuwai.

Su kansu mutanen Ailan sun san ɓarnar kwalba. A 1838 Fada Theobald Mathew ya fara kamfen na barin giya a birnin Cork, cikin 'yan shekaru miliyoyin mutane suka ɗauki alkawarin dainawa. A 1898 Fada James Cullen ya kafa ƙungiyar Pioneer ta masu ƙin sha ɗungum. Don haka mai bin da ya zauna a mashayar Ailan ya ce a ba shi lemo, bai yi abin kunya ba. Sawun wasu manyan 'ya'yan ƙasar ya bi.

Inda Masu Gari Suke Ci

Abinci na ƙwarai yana wurin masu gari, amma sai an san lokacinsu. Mutanen Sifaniya suna cin abincin rana tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4, na dare kuwa daga ƙarfe 9. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, a 1940 gwamnatin Janar Franco ta tura agogon ƙasar gaba da awa guda, ba a kuma mayar ba. A lokacin sanyi agogonsu daidai yake da na Nijeriya, a lokacin zafi sun fi mu da awa ɗaya. Wanda ya fita neman tuwon dare da ƙarfe 6 zai tarar ba a ko hura wuta ba.

Babban abin da zai ceci aljihun baƙo shi ne abin da suke kira menú del día, wato abincin yini. Ya samo asali daga wata doka ta shekarun 1960 da ta tilasta wa gidajen abinci su tanadi cikakken abinci a kan tsayayyen farashi. Dokar ta kau, al'adar ta zauna. Da kuɗi guda za a kawo maka kwano na farko, da na biyu mai nama ko kifi, da burodi, da abin sha, da ɗan kayan zaƙi. A 2024 matsakaicin kuɗinsa a ƙasar wajen Yuro 14 ne. Da rana ake samunsa, musamman ranakun aiki. A nemi gidan da aka rubuta abincin yini a kan allo, wanda ma'aikata da tsofaffi suka cika. Kujerun da ke cikin dandali da titin Rúa Mayor suna da daɗin kallo, amma kallon ma biyansa ake yi.

Da yamma kuwa sai pincho, wato ɗan abin taɓawa da ake haɗawa da abin sha. Titin Van Dyck da ke arewacin gari ya yi suna a kan wannan, kuma can ne 'yan gari suke zuwa. A nan ne za mu fahimci cewa abin da suke kira bar ya sha bamban da gidan burkutu na wajenmu. Shi ne teburin mai shayi da safe, shi ne tukubar mai tsire da yamma, shi ne zauren hira na unguwa. Za ka ga kaka da jikokinta, za ka ga Fada da kofin gahawa. Wanda ya rantse ba zai taka irin wannan wuri ba zai sha yunwa. Wanda ba ya shan giya kuwa ba za a yi masa kallon baƙon abu ba. Sai ya ce a ba shi mosto, wato ruwan inabi wanda bai yi tsami ba, ko ya ce sin alcohol, wato marar sa maye. In ana cin abincin yini aka ajiye kwalbar ruwan inabi a tebur, ana iya cewa a musanya ta da ruwa.

Cikin abincin yankin akwai naman shanun morucha, waɗanda ake kiwo a dazuzzukan lardin. Akwai lenteja ta ƙasar Armuña, wani ƙanƙanin wake mai faɗi, irin wanda Yakubu ya dafa ranar da Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari. Akwai tortilla, wainar ƙwai mai kauri da dankalin Turawa da man zaitun, wadda ba ta taɓa ba baƙo kunya ba. Mai son ya dafa da kansa sai ya shiga babbar kasuwar da ke jikin dandali, da safe. Sai dai a sani, abincinsu ba shi da zafin barkono. Mai hikima yakan taho da ƙullin yajinsa.

Maganar Alade Da Jini

Sarkin nama a Salamanka shi ne alade. Garin Guijuelo da ke kudu da birnin ya shahara a duniya da busasshiyar cinyar alade da suke kira jamón, ana furta shi hamon. Za ka gan ta rataye a kan kanta kusan ko'ina. Abincin da garin ya fi tinƙaho da shi kuma shi ne hornazo, burodi da aka cusa wa naman alade iri-iri, wani lokaci da dafaffen ƙwai. Ana cinsa a bakin kogi ranar Litinin ta biyu bayan Ista, don murnar ƙarewar azumi.

A cikinmu akwai masu cin alade, akwai waɗanda ko warinsa ba sa so, sau da yawa kuma abokin tafiyarmu ko abokin ɗakinmu Musulmi ne. To, a lura: ko wake da ganye sukan jefa musu gutsuren alade don ɗanɗano, ba kuma za su ɗauka cewa sun sa nama ba. Sai an tambaya. Kalmomi biyar sun isa: cerdo shi ne alade, ternera naman maraƙi, cordero ɗan rago, pollo kaza, pescado kifi. Waɗanda ke kiyaye kansu daga cin jini, bisa ga Ayyukan Manzanni sura 15, su sani ana sa jini a cikin morcilla, haka ma a chanfaina, wata dafa-dukar shinkafa da naman rago.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata mu yi wasa da wannan magana ba. A 1492 aka kori Yahudawa daga Sifaniya, sai wanda ya yarda aka yi masa baftisma. Daga baya aka tilasta wa Musulmi ma, sa'an nan tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyarsu. A waɗannan shekaru maƙwabta sukan sa ido su ga wa ke ƙin naman alade, su kai ƙararsa kotun addini cewa tubansa na ƙarya ne. Loma ta zama ma'aunin bangaskiya, mutane da yawa kuma suka hallaka ta haka. Mu da muke zaune gida ɗaya da kasuwa ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, wannan darasi namu ne. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a Romawa sura 14 da 1 Korantiyawa sura 8 a kan kada mai ci da marar ci su raina juna, kada kuma 'yancin wani ya zama sanadin faɗuwar ɗan'uwansa. Kiristan da ya ɓoye wa abokinsa Musulmi abin da ke cikin kwano don ya yi dariya, ya zubar da shaidarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Guzurin Matafiyi

Ikilisiyoyinmu ba su zama ɗaya a kan maganar giya ba. Da yawa sun hana membobinsu sha ɗungum, wasu kuma buguwa suka haramta. Shawararmu ita ce, dokar da mutum ya amsa a gaban jama'arsa a gida, ya riƙe ta a can inda babu dattijon Ikilisiya da zai gan shi. Jarabar baƙunci ba ƙarama ba ce. Kaɗaici da sanyi da rashin jin harshe sukan kora saurayi zuwa wurin da ake jin maganarsa, yau ya je kallon ƙwallo, gobe ya je don babu inda zai je, kafin shekara ta kewayo kuɗin makaranta ya bi ta maƙogwaro. Iyaye da fastoci da ke sallamar yara, ku faɗa musu wannan a fili, kada ku tsaya ga addu'ar rakiya kaɗai.

Mashayar mutanen Ailan kamar zaure take ga baƙo. Ana shiga a yi tambaya, a kalli wasa, a sha lemo, a fita tun dare bai yi nisa ba, domin ba a kwana a zauren mutane. Ci kuwa, a ci a akushin masu gari, a kan lokacinsu, a koyi gaisuwarsu, gama wanda ya ci abincin mutane ya fi saurin samun kunnensu. Ranar Lahadi a nemi sujada. 'Yan Katolika ba za su rasa majami'a a kowace unguwa ba, akwai kuma ƙananan ikilisiyoyin bishara a cikin garin, in an tambaya za a samu. Wanda ya sami sarari kuma ya taka zuwa Kwalejin Fonseka, ya tsaya a tsakar gidanta, ya tuna da samarin da suka zauna baƙunci a garin nan shekara da shekaru, suka ci abincinsa, suka yi karatunsu, suka koma gida da abin da aka aike su nema.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su da bangaskiyarsu a tsaye. Amin.